Firimiyan da kuɗin kan sarki ya ɗaga ya kuma kayar: labarin Albert Henry na Tsibiran Kuk

Tambayar ta fito ne daga wani matashin lauya da na koyar a shekarun baya. Ga abin da ya rubuto: "Assalamu alaikum Malam. A aji ka taɓa ambata mana wata 'yar ƙasa a tekun Fasifik inda alƙali ya raba firimiya da mulki saboda ya kwaso masu zaɓe a jirgin sama. Wane ne mutumin, yaya ya tashi, yaya kuma ya faɗi? Sannan har yau akwai abin da ban gane ba. Mutanen nan 'yan ƙasa ne, sunayensu na cikin rajista. To mene ne laifi don ka kai mutum rumfar zaɓe?"

Wa alaikumus salam, Barista. Mutumin shi ne Albert Henry, firimiyan farko na Tsibiran Kuk, wanda ya yi mulki daga 1965 zuwa 1978. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan maganar, kuma zan zo kanta. Amma sai ka fara sanin ƙasar da mutumin, domin wanda bai san abin da Henry ya yi wa mutanensa ba zai ɗauka labarin wani ɓarawon gwamnati ne da dubunsa ta cika. Lamarin ya fi haka nauyi, shi ya sa ban taɓa gajiya da koyar da shi ba.

Tsibiran Kuk guda 15 ne, warwatse a kudancin Fasifik. Idan ka haɗa ƙasarsu duka ba ta wuce murabba'in kilomita 240 ba, amma ruwan da ke ƙarƙashin ikonsu ya kusa murabba'in kilomita miliyan biyu. Babban tsibirin shi ne Rarotonga, a nan hedikwatar ƙasar, Avarua, take. Birtaniya ta sa su ƙarƙashin kariyarta a 1888, sannan a 1901 aka miƙa su ga Niyu Zilan. Tsakanin Rarotonga da birnin Auckland na Niyu Zilan akwai tafiyar kusan kilomita 3,000, wato kamar awa huɗu a jirgin sama. Ka riƙe wannan nisan a ranka. Ka kuma riƙe cewa a farkon shekarun 1970 duka mutanen ƙasar ba su fi dubu ashirin da ɗaya da 'yan kai ba. Unguwa guda a Kano ta ninka su.

Henry ɗan asalin tsibirin Aitutaki ne. Ya yi karatu a Niyu Zilan, ya dawo gida ya yi aikin koyarwa, daga baya ya sake komawa Auckland a shekarun 1940, inda ya shafe fiye da shekara ashirin. A can ne ya zama ɗan siyasa. Mutanen tsibiran da ke ci-rani a Auckland galibinsu leburori ne a masana'antu da tashar jiragen ruwa, na gida kuma suna noman lemo da ayaba da tumatir da kwakwa, amma farashi da jirgin da zai kwashi kayan duk suna hannun kamfanonin Turawa da jami'an mulkin mallaka. Sau da yawa kaya kan ruɓe a bakin teku ana jiran jirgi. Henry ya shiga ƙungiyar ci gaban mutanen tsibiran, wadda ake taƙaita sunanta da CIPA, ya zama bakinta a Auckland, yana neman ƙarin albashi ga ma'aikata, da jiragen jigilar amfanin gona, da wakilci a majalisa. Ya ƙulla zumunci da ƙungiyoyin ƙwadago na Niyu Zilan. Allah ya ba shi baki, a yarensu da kuma Turanci. Tun daga nan ya gane abin da zai amfane shi ya kuma cutar da shi daga baya: 'yan ƙasarsa da ke waje runduna ce, kuma ya fi kowa sanin yadda ake tara ta.

A 1964, da maganar mulkin kai ta kankama, ya tattara ya koma gida ya kafa jam'iyyar Tsibiran Kuk, wadda ake taƙaita sunanta da CIP. Sai ga cikas. Doka ta ce wanda bai zauna a ƙasar shekara uku a jere ba, ba zai tsaya takara ba, shi kuwa bai daɗe da dawowa ba. Sai 'yar'uwarsa Marguerite Story ta tsaya a madadinsa a mazaɓar Te-au-o-Tonga. A zaɓen Afrilu 1965, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo masu sa ido, jam'iyyarsa ta ci kujeru 14 cikin 22. Sabuwar majalisa ta rage wa'adin zaman, Marguerite ta sauka, aka yi zaɓen cike gurbi, Henry ya ci. Ranar 4 ga Agusta 1965 ƙasar ta samu mulkin kai cikin wani tsari na ƙawance da Niyu Zilan: su ke yin dokokinsu, su ke tafiyar da harkokinsu, amma sun ci gaba da zama 'yan ƙasar Niyu Zilan, da fasfonta da 'yancin shiga su zauna. Henry ya zama firimiya, 'yar'uwar tasa kuma ta zama kakakin majalisa. Babu abin da ya saɓa doka a wannan dabara, kuma ni ina ganin waccan ƙa'ida ta shekara uku ba ta yi masa adalci ba. Sai dai mutumin da ya fara mulki da ganin doka ta karkata domin shi yana bukatar tsoron Allah mai yawa kafin ya daina tsammanin za ta riƙa karkata masa kullum.

Babban alkawarinsa a yaƙin neman zaɓe shi ne fansho ga kowane tsoho, ko ya taɓa aikin gwamnati ko bai taɓa ba. A ƙasar da matasa ke tafiya ci-rani su bar iyaye a ƙauye, wannan alkawari ya ratsa zukata. Matsalar ita ce kuɗi. Ƙasar na rayuwa ne da tallafin Niyu Zilan da ɗan abin da ake samu daga 'ya'yan itatuwa. A nan ne kan sarki ya shigo.

Matasan yanzu da yawa ba su taɓa manna kan sarki a jikin ambulan ba, don haka bari in ɗan tsaya. A wancan zamani akwai miliyoyin mutane a Turai da Amurka da sha'awarsu ita ce tara kan sarki na ƙasashe daban-daban, suna jerawa a kundi, suna saye suna sayarwa. Ƙaramar ƙasa mai ikon buga nata kan sarkin tana iya buga kala-kala masu kyau, na kifaye da tsuntsaye da furanni da bukukuwan gidan sarautar Ingila, ta sayar wa waɗannan mutane. Mai saye ba zai aika wasiƙa da shi ba, saboda haka gidan waya ya karɓi kuɗi ba tare da ya yi wani aiki ba. Kuɗin buga takardar ƙalilan ne, saura duk riba. Wanda ya ƙware a wannan kasuwa shi ne wani Ba'amurke, Finbar Kenny, wanda ya taɓa shugabantar sashen kan sarki na babban kantin Macy's a New York. A 1965 gwamnatin Henry ta ba kamfaninsa ikon shi kaɗai ya tallata ya sayar da kan sarkin Tsibiran Kuk a duniya, a raba abin da aka samu biyu, rabi nasa rabi na gwamnati. Da kason gwamnati aka riƙa biyan fanshon tsofaffi.

Tsari ne mai wayo, kuma ya yi aiki. Tsohuwa a wani tsibiri mai nisa ta fara karɓar kuɗinta a hannu, ta san kuma wanda ya kawo. Daga nan sunan Papa Arapati, wato Baba Albert a bakinsu, ya kama shi. Amma ka lura da abin da tsarin ya haifar. An samu wata ƙofar kuɗi mai kauri wadda ba harajin talaka ba ce, ba kuma tallafin Niyu Zilan ba ce da masu bincike daga Wellington, babban birnin ƙasar, za su bi diddigi. Mutum biyu ne suka fi kowa sanin sirrinta, firimiya da ɗan kasuwa, kuma kowannensu na bukatar ɗayan: Henry na bukatar kuɗin, Kenny na bukatar a ci gaba da sabunta masa kwangila.

Shekarun farko na mulkinsa sun yi albarka, ba na jin kunyar faɗar haka. A 1966 ya kafa majalisar sarakunan gargajiya, waɗanda suke kira ariki, ya ba su matsayi na ba da shawara. Ya ɗaga harshensu da raye-rayensu da al'adunsu da mulkin mallaka ya ƙasƙantar. Yana cikin shugabannin da suka kafa dandalin ƙasashen kudancin Fasifik a 1971, tare da irin su Ratu Kamisese Mara na Fiji, don ƙananan ƙasashe su samu wurin magana da bakinsu. An gina babban filin jirgin sama a Rarotonga da kuɗin Niyu Zilan, Sarauniya Elizabeth ta zo da kanta ta buɗe shi a farkon 1974, kuma a shekarar ce ta ba shi lambar girma ta KBE, irin wadda aka ba Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya zama Sa Albert. Ya ci zaɓe a 1968, ya ci a 1972, ya ci a 1974.

A ƙasa mai mutum dubu ashirin kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar aiki. Duk wanda ya daɗe a kan kujera a irin wannan wuri, sai ya wayi gari abincin rabin gari na hannunsa. 'Yar'uwarsa na kujerar kakaki, ɗansa Tupui minista ne, ɗan'uwansa Geoffrey Henry shi ma ya riƙe muƙami a gwamnati. 'Yan adawa sun riƙa kukan cewa aiki da ƙarin girma da kwangila sun zama na 'yan jam'iyya, wanda ya nuna wata fuska kuma ya kuka da kansa. A 1971 aka samu wanda zai iya ja da shi. Dakta Tom Davis likita ne ɗan ƙasar, wanda ya yi karatu a Harvard ya kuma yi aikin bincike a shirin Amurka na tura mutum sararin samaniya. Ya dawo gida ya kafa jam'iyyar Dimokurat, kuma masu ilimi da 'yan kasuwa da waɗanda aka ɓata wa rai suka bi shi.

Sai filin jirgin da Henry ke alfahari da shi ya sauya lissafi. Da can fita daga tsibiran sai an jira jirgin ruwa. Yanzu mutum na iya karin kumallo a Rarotonga ya yi sallar azahar, in Musulmi ne, a Auckland. Mutane suka yi ta tafiya. Cikin shekara biyar, daga 1971 zuwa 1976, yawan jama'a ya sauko daga dubu ashirin da ɗaya zuwa kusan dubu goma sha takwas. Da yawa daga waɗanda suka tafi sunayensu na nan a rajistar zaɓe, amma doka ba ta tanadi jefa ƙuri'a daga waje ba. Wanda ke son ya yi zaɓe sai ya zo da ƙafarsa. Ga kuma wani abu da ya sa ƙuri'arsu ta yi tsada: mazaɓun Rarotonga a lokacin kowace na fitar da wakilai fiye da ɗaya, mai zaɓe guda yana zaɓar mutum biyu ko uku ko huɗu a takarda ɗaya. Ma'ana, idan ka zuba mutum ɗari a mazaɓa ɗaya, kana iya juyar da kujeru uku ko huɗu a tashi guda.

Henry ya kira zaɓe a ƙarshen Maris 1978, ya kuma san ƙasa ta fara zame masa. Abin da kotu ta gano daga baya shi ne wannan. Ya nemi Kenny ya ba da dalar Niyu Zilan 337,000 a matsayin kafin alƙalami daga kason gwamnati na cinikin kan sarki. Kuɗin ba su shiga baitulmali yadda doka ta tanada ba. An bi da su ta hannun kamfanoni har suka isa inda za a biya shatar jirage daga kamfanin Ansett na Ostareliya. Jiragen suka kwaso magoya bayan CIP kimanin 450 daga Niyu Zilan, suka zo suka yi zaɓe, suka ga dangi, aka mayar da su. Abin da kowannensu ya biya bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da ainihin kuɗin tikiti. Da aka ƙirga, CIP ta samu kujeru 15, Dimokurat 7.

To, ga tambayarka. Ka ce mutanen nan 'yan ƙasa ne, suna da rajista. Gaskiya ne, kuma kotu ba ta ce ƙuri'ar ɗan ci-rani haramun ba ce. Hasali ma 'yan Dimokurat su ma sun yi shatar jirgi sun kawo nasu mutanen. Bambancin shi ne nasu fasinjojin sun biya kuɗin kujerunsu daga aljihunsu, kuma ƙuri'unsu ba a taɓa su ba. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna maka cewa jirgin ba shi ne abin tuhuma ba.

Abu na farko shi ne darajar abin da aka bayar. Dokar zaɓen da ƙasashen renon Ingila suka gada ta ɗauki cin hanci a faɗaɗe: kuɗi, ko kyauta, ko duk wani abu mai daraja da aka ba mutum domin a ja ra'ayinsa ya yi zaɓe ko ya zaɓi wani. Idan maƙwabcinka ya rage maka hanya a babur zuwa rumfar da ke bayan kasuwa, abin da ya ba ka bai wuce sauƙin tafiya ba. Amma ka ɗauki leburan da ke aiki a masana'antar Auckland, wanda ya shekara uku ko huɗu bai ga mahaifiyarsa ba saboda tikiti ya fi ƙarfinsa, ka ce masa ga kujera zuwa gida da dawowa kusan kyauta. Tafiyar kanta ita ce kyautar, kuma babba ce. Ko ba a ce masa komai ba ya san abin da ake jira daga gare shi, bare ma ba a ɓoye ba.

Na biyu, wa aka ɗauka. Da gwamnati ta sanar cewa duk ɗan ƙasa mai rajista da ke Niyu Zilan, ko wace jam'iyya yake so, ya zo a kai shi gida ya yi zaɓe, kuma majalisa ta amince da kashe kuɗin, da muhawarar ta zama ta ɓarnar dukiya ko rashinta. Ba haka aka yi ba. 'Yan jam'iyya ne suka tantance fasinjoji, kujera ta wanda aka amince zai zaɓi CIP ce. Da zarar sharaɗin hawa jirgi ya zama ra'ayinka na siyasa, an ƙulla ciniki, ko da ba wanda ya bi ka cikin rumfa ya ga inda ka dangwala.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai, kuɗin na waye. Na gwamnati ne. Kason jama'a ne daga kan sarki, wato taskar da ake biyan tsofaffi fansho daga cikinta. A cikin masu haƙƙi a kuɗin har da tsohon da zai zaɓi Tom Davis. An ɗebi rabonsa an sayi ƙuri'ar da za ta soke tasa. Ban yi imani Henry ya kalli abin a matsayin sata ba. Ba gida ya gina da kuɗin ba, ba asusu ya buɗe a waje ba. Abin da nake gani shi ne, bayan shekara goma sha uku, mutumin ya daina bambance kansa da jam'iyya, ya daina bambance jam'iyya da ƙasa. Shi ya ƙirƙiro kuɗin kan sarki, shi ya kawo fansho, don haka a ransa kashe wani abu daga ciki don ya ci gaba da mulki hidima ce ga ƙasa. Irin wannan tunani ya fi kwaɗayin ɓarawo haɗari, domin ɓarawo ya san yana ɓarna, yana kuma ɓoyewa daga kansa da mutane, shi kuwa wannan zuciyarsa ba ta ma tuhumarsa. A matsayinka na lauya ka san dokar zaɓen Nijeriya ta 2022 ta hana amfani da motar gwamnati ko jirgin ruwanta wajen kai mutane rumfar zaɓe. Tushen hanin ɗaya ne da wannan.

'Yan Dimokurat suka shigar da ƙara. Wanda ya saurare ta shi ne Babban Joji Gaven Donne, ɗan Niyu Zilan. A ƙarshen Yuli 1978 ya yanke hukunci cewa an tafka cin hanci da kuɗin jama'a. Abin da ya sa ake tunawa da hukuncin shi ne maganin da ya zaɓa. A al'ada, idan aka tabbatar da maguɗi, kotu kan soke zaɓe ta ce a sake. Donne ya ba da umarnin a cire ƙuri'un waɗanda aka kwaso da kuɗin gwamnati a sake lissafi. Da aka yi haka, kujeru takwas suka koma hannun Dimokurat, rinjaye ya juya. Kuma da yake a lokacin babu kowa a kujerar wakilin Sarauniya, Babban Joji ne ke riƙe da ayyukanta, sai ya zama shi ɗin ne ya rantsar da Tom Davis a matsayin firimiya ranar 25 ga Yuli.

Na san abin da zai zo maka a rai, domin mu ma mun ga makamancinsa. A Mayun 2019 Kotun Ƙolin Nijeriya ta ce ƙuri'un APC a Zamfara asara ce saboda jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba, mulki ya koma hannun Bello Matawalle na PDP. Kamannin a fili yake: kotu ta zubar da ƙuri'u ta ba na biyu. Amma akwai tazara. A Zamfara an zubar da ƙuri'un mutanen da ba su yi laifin komai ba saboda laifin jam'iyya. A Rarotonga ƙuri'un da aka cire su ne ainihin waɗanda aka gurɓata, ƙuri'un sauran magoya bayan Henry na nan daram, sun dai gaza kai shi ga nasara ne. Saboda haka ni a ganina hukuncin Donne ya fi tsayawa da ƙafafunsa. Da ya ce a sake zaɓe, da Henry ne zai shirya shi yana kan kujera, da ma'aikatan gwamnati da taskar ƙasa duk a hannunsa, wato mai laifi ya samu dama ta biyu da makaman da ya yi laifin da su. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne mutum ɗaya ya yanke hukunci sannan shi ya rantsar da wanda hukuncin ya amfana. Ba laifin Donne ba ne, haka tsarin mulki ya ɗora masa, amma giɓi ne da bai kamata ƙasa ta bar shi a buɗe ba. Abin yabo a ɓangaren Henry shi ne ya sauka. Ba a kira 'yan daba ba, ba a ƙona kotu ba.

Ƙarar zaɓe daban, shari'ar laifi daban. A Agustan 1979 Henry ya tsaya gaban kotu ya amsa laifin haɗa baki da almundahana dangane da waɗannan kuɗi. An ci shi tara, ba a ɗaure shi ba. A 1980 Sarauniya ta karɓe lambar girmar da ta ba shi. Ga mutumin da ya taso a ƙarƙashin mulkin mallaka, wanda Sarauniya ta karrama a shekarar da ta zo ƙasarsa da kanta, wannan ya fi kowace tara ciwo. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara saba'in da 'yan kai.

Akwai reshen labarin da ya kamata ka sani saboda aikinka. A Disambar 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta haramta wa kamfanonin Amurka ba jami'ai da jam'iyyun ƙasashen waje cin hanci don samun ciniki ko riƙe shi, dokar da ake kira FCPA. An yi ta ne bayan tonon asirin manyan kamfanoni irin su Lockheed. Amma wanda aka fara gurfanarwa da laifi a ƙarƙashinta shi ne kamfanin kan sarki na Finbar Kenny, 'yan watanni kaɗan bayan dokar ta fara aiki ya ba da waɗancan kuɗi. A 1979 kamfanin ya amsa laifi, aka ci shi tarar dalar Amurka 50,000, ya kuma amince ya mayar wa gwamnatin Tsibiran Kuk kuɗin. Ka duba yadda kotuna biyu suka kalli kuɗi ɗaya. A Rarotonga dukiyar jama'a ce da aka karkatar. A Amurka toshiyar baki ce da ɗan kasuwa ya bayar don kada kwangilarsa ta kuɓuce. Duka biyun gaskiya ne, kuma idan wata rana shari'ar kuɗin kamfe ta zo hannunka, ka tambayi ɓangarorin biyu: me mai karɓa ya yi da su, me kuma mai bayarwa yake jira.

Gwamnatin Davis ta yi ƙoƙarin toshe ƙofar. A gyaran tsarin mulki na 1981 aka raba ƙasar zuwa mazaɓu masu wakili ɗaya-ɗaya, aka kuma ware kujera guda ta musamman ga 'yan ƙasa da ke waje, don su yi zaɓe inda suke ba sai an kwaso su ba. Kujerar ta yi kusan shekara ashirin kafin a soke ta a 2003, saboda na gida sun ga bai dace wanda ba ya zaune a ƙasa ya riƙa yanke musu hukunci ba. Matsalar ba ta tafi ko'ina ba. A yau mazauna tsibiran kusan dubu goma sha biyar ne, 'yan asalinsu da ke Niyu Zilan kuwa sun haura dubu tamanin.

Jam'iyyar da Henry ya kafa ba ta mutu da shi ba. Geoffrey Henry ya zama firaminista a 1983 na ɗan lokaci, ya dawo a 1989 ya yi shekara goma. Henry Puna ya karɓi mulki da tutarta a 2010, Mark Brown ya gaje shi a 2020. Kabarin Albert Henry na harabar babbar majami'ar Avarua, da mutum-mutumin kansa a kai, kuma har yanzu mutane na rataya masa sarƙar furanni. A 2023, zamanin gwamnatin Brown, wakilin Sarki, Sa Tom Marsters, ya yi masa afuwa shekara 42 bayan rasuwarsa.

Na fahimci dalilin afuwar, kuma ban ga laifin mutanen da suke son a tuna da uban ƙasarsu da alherinsa ba. Jikokin tsofaffin da suka fara karɓar fansho suna nan da ransu, sun ji labarin daga bakin kakanninsu. Da a ce wata jam'iyya ce ke mulki lokacin da aka yi ta, da ta fi kwanta mini a rai, domin afuwar da 'ya'yan gida suka nema wa mai gidansu ba ta kai wadda abokan hamayya suka bayar nauyi ba. Ta fuskar doka kuma, Barista, afuwa tana shafe hukuncin laifi ne, wato na 1979. Hukuncin Donne na 1978 na ƙarar zaɓe ne, ikon afuwa bai kai gare shi ba, kuma abin da ya tabbatar game da dala 337,000 da fasinjojin jiragen Ansett yana nan a kundin kotu yadda ya rubuta shi.